Guntayen Katako a Aljihun Baba

A leda Baba ya dawo mata da agogon. Ya ƙulle bakin ledar har sau biyu, ya riƙo ta da yatsu biyu kamar wanda ya ɗauko mushen ɓera, ya ajiye mata a kan teburin cin abinci, ya wuce ya wanke hannu. Ko kallonta bai yi ba.

Injiniya ta bi ledar da ido. Kwana tara ta yi a kan abin nan. Hutu ta ɗauka daga kamfanin da take aiki, inda suke ƙera mitar wutar lantarki, ta baje wayoyi da ƙananan batura a kan wannan teburin har sai da Mama ta koma ba wa mutanen gida abinci a cinya. Yanzu ga shi a leda, bayan kwana biyu kacal a hannun mai shi.

Sunan Injiniya ma a wurin aikin Baba ta samo shi, tun tana 'yar shekara bakwai, ranar da ta kwance rediyon Maigida, mai shagon, ta kasa mayar da shi. Sunan ya yi ta bin ta har ta je ta yi karatun da gaske. Baba kuwa kafinta ne, kuma kurma ne tun haihuwa. Shekara ashirin da shida ke nan yana tsaye a bakin babban injin tsaga katako, shi ke turawa, abokin aikinsa Dogo yana karɓa ta ɗaya gefen. Na ukunsu, Mai-tabarau, yana kan injin gogewa.

Ana nan sai ga sufeton kiyaye haɗari ya zo zagaye, mutum mai littafi a hammata da biro uku a aljihun gaba. Ya duba wayoyin wuta, ya duba tukunyar kashe gobara, ya danna jiniyar da ke jikin bango, ya tambaya ko kowa na jin ta. Maigida, da bakinsa ba ya riƙe magana, ya ce kowa na ji in ban da mutum ɗaya. To fa! Sufeto ya rubuta cewa nan da mako uku zai dawo, in ba a samo hanyar da gargaɗi zai riƙa isa ga kurman nan ba, dole a ɗauke shi daga bakin inji. Maigida ya ce ai ba komai, sai a mayar da shi bayan shago ya riƙa goge kujeru da samfefa.

Baba ya ba da amsa da hannu, gajeriya. Ranar da aka miƙa masa samfefa, ranar zai rataye rigar aikinsa ya tafi gida. Injiniya ta san ba barazana ba ce. Ta kuma san abin da zaman gida zai yi wa mutumin da ko ranar hutu sai ya nemi ƙofar maƙwabta da zai gyara. Tsoro ya kama ta sosai, shi ya sa ta zauna ta ƙera agogon: in an danna jiniya sai ya yi ta karkarwa a hannun Baba, fuskar agogon ta yi ja. Ta kuma ƙara masa gwaninta, wai don aiki ya yi sauƙi. Ta ajiye wani ɗan akwati mai maɓallai a teburin Maigida, in an danna wannan agogon ya rubuta “Zo”, in an danna wancan ya rubuta “Tsaya”.

Ta same shi a falo ya miƙe ƙafa. Ta tsaya a gabansa inda ba zai iya kauce mata ba, ta fara magana da hannu.

“Baba, lalacewa ya yi?”

“Lafiyarsa ƙalau. Ya fi ni lafiya ma.”

“To me ya faru?”

Ya gyara zama. In ran Baba ya ɓaci hannuwansa buɗewa suke yi, har sai an janye kofi daga kusa da shi.

“Yau sau goma sha huɗu aka kira ni. Zo. Zo. Zo. Maigida ya kira ni in ga hoton jikansa. Mai-tabarau ya danna don ya ga ko abin na aiki. Ina tsakiyar katako hannuna na rawa. Akuya ce ni da za a ɗaura min igiya?”

“Zan cire wannan maɓallin, ba wuya.”

“Kuma wane kafinta kika taɓa gani da agogo a bakin zarto? In ya maƙale, da hannun zai tafi. Wa kika tambaya kafin ki yi?”

Ta lissafa masa. Ta tambayi Maigida, ta tambayi Kawu Dogo, ta karanta littafin dokokin tun daga bango har bango.

“Ni fa?”

Hannuwanta suka tsaya a sama. Kafin ta nemo abin cewa, Baba ya rufe ido. Haka yake yi in ya gama magana, kuma duk duniya ba wanda ya kai kurma iya rufe ƙofa a fuskar mutum. Ka yi ta wutsil-wutsil da hannu har ka gaji, shi yana can abinsa.

Mama tana bakin kicin da ludayi, ta ga komai.

“Ke fa kin fiye sauri,” in ji ta. “Tun kina ƙarama, kafin ya gama ɗaga hannu kin riga kin ba mutane amsa.”

“Mama, saura kwana goma fa. In mutumin nan ya dawo...”

“To ki ɓata ɗaya. Ki je wurin aikin nan gobe ki zauna, ki kulle bakinki, ki kulle hannunki. Kuma ki kwashe min wayoyin nan daga teburina.”

Washegari ta je, ranta ba daɗi. Shagon doguwar rumfa ce ta kwano, daɓen siminti guda tun daga ƙofa har ƙurya. Babban injin tsaga katako a tsakiya, injin goge katako can ciki yana fuskantar bango, fankar zuƙe ƙura tana rataye a sama. Garin katako ya rufe komai, har kalandar da ta yi shekara huɗu ba a sauya ba.

“A’a, Injiniya da kanta!” Dogo ya daka ihu, don shi maganarsa duk ihu ce. “Yau kuma me za a ɗaura mana? Ƙararrawa a wuya?”

“Kawu, zama kawai na zo yi.”

“Zama? Ke? To Allah ya sa mu ga alheri.” Ya miƙo mata abin toshe kunne. “Saka, ’yata, in kina son ki ji kukan ’ya’yanki wata rana.”

Ta saka, ta zauna a kan wani benci. Baba ya gan ta, ya yi kamar bai gani ba. Aka tayar da fanka, aka tayar da injina, ƙara ta cika rumfar har tana jin ta a haƙora.

Ta sha zuwa shagon nan, amma kullum da saƙo take zuwa, a tsayar da aiki, ta faɗi abin da ya kawo ta, ta tafi. Ba ta taɓa zama ana aiki ba. Abin da ta fara lura da shi ya ba ta dariya. Maigida ya fito daga ɗan ofishinsa yana yi wa Dogo magana, bakinsa na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, Dogo ko gezau. Sai da Maigida ya zagayo gabansa ya yi masa alamar “faɗi nawa?” da hannu, irin ta Baba, amma a karkace. Ashe duk cikinsu da maganar Baba suke aiki. In inji ya tashi, ba mai kunne a shagon nan.

Sai ta koma kallon Baba da Dogo. Katako mai tsawon mutum biyu yana tsakaninsu, ba sa ko kallon juna. Baba ya ƙwanƙwasa katakon sau biyu da bayan yatsa, Dogo ya rage ja. Ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, Dogo ya ɗago kai. Ta cikin katakon suke magana. Ta kuma lura da takalmin Baba, tsohon takalmin roba mai siririn tafi, wanda Mama ta jefa a kwandon shara sau uku yana tsamowa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya abin ya faru. Baba yana tsakiyar turawa sai ya tsaya cak, ya ɗan karkata kai, ya danna ƙafarsa a daɓe. Ya buga katakon da tafin hannu, Dogo ya tsaya. Baba ya zura hannu a aljihun rigar aikinsa, ya zaro wani ɗan guntun katako, ya wurga shi can ƙurya. Tas! A ƙeyar Mai-tabarau, dattijon da ke kan injin gogewa ya ba kowa baya. Mai-tabarau bai ko juyo ba, hannunsa ya tafi kai tsaye ya kashe inji.

Aka taru aka buɗe murfin injin. Bel ɗin ya tsage fiye da rabi, saura ƙiris ya tsinke. Mai-tabarau ya shafa ƙeya yana cewa mutumin nan da gangan yake zaɓar guntu mai kaifi, aka yi dariya, aka kawo sabon bel. Ba wanda ya yi mamaki sai ita.

Da aka tsaya shan shayi ta matsa kusa da Dogo.

“Kawu, ta yaya ya sani?”

“Ta ƙafa mana. Ba ki ga takalminsa ba? In inji ya sauya numfashi, shi ke fara ji. Mu sai hayaƙi ya tashi muke ganewa.” Ya kurɓi shayi. “Waccan jiniyar ta bango ado ce. Ga jiniyarmu can yana cin burodi. Kullum da safe sai ya cika aljihu da guntaye kafin ya taɓa komai.”

“In bai samu mutum ba fa? In ya jefa ya kuskure?”

Dogo ya ajiye kofi. Ya buɗe mata hannunsa na hagu. Ta san yatsan nan tun tana ƙarama, ɗan manuni da ya ƙare a gaɓa ta biyu, amma ba ta taɓa tambaya ba.

“Lokacin ni ke kan wancan injin. Ya ji, ya jefa, guntun ya wuce ta gefen kunnena. Kafin ya rugo, an gama.” Ya rufe hannun. “Ni wallahi na manta da yatsan, har na fi saurin yanke farce. Shi ne bai manta ba. Shekara goma sha tara, har yau in ya miƙo min kofi ba ya kallon hannun nan. Ki duba fa, ’yata. Ka ga abu na zuwa wa mutum, ya ba ka baya, ba ka da yadda za ka yi ka kira shi.”

Ta kasa shan shayin. Baba yana da murya, amma tun yana yaro aka yi masa dariya a kanta ya kulle ta, ita kanta ba ta taɓa ji ba sai in tari yake yi. Ta tuna yadda yake riƙe mata wuyan hannu in za su tsallaka titi ko su shiga tashar mota, riƙon da har sai shatin yatsunsa ya fito. A da ta ɗauka don ita ce kunnensa yake tsoron ta ɓace masa. Ashe in ta yi taku uku gaba, ba shi da hanyar da zai ce mata ta dawo.

Kunya ta rufe ta. Tun da ta iya magana take ɗaukar zance daga bakin mutane tana kai wa Baba, a asibiti, a makaranta, a ofishin ruwa. Nasa zancen kuwa sai ta rage masa gishiri kafin ta miƙa, kada a ce kurman nan ya cika faɗa. Da ta tashi ƙera masa na’ura, sai ta ƙera kanta: abin da zai kai masa maganar mutane, ya dawo hannu wofi.

Ta tashi ta je inda yake. Ta ciro littafinta, ta buɗe shafin da ba komai, ta ajiye a gabansa. Ta zare fensirin da ke maƙale a kunnensa ta miƙa masa.

“Baba, me kake so ya yi?”

Ya dube ta ya daɗe. Ya ƙarasa tauna burodinsa tsaf, don Baba ba ya sauri in ya ci nasara. Sannan ya jawo littafin.

Kwana takwas suka yi a kai, kullum da la’asar bayan an tashi aiki, ita da shi da Dogo, a kan teburin aikin shago, abin da ya faranta wa Mama rai ƙwarai. Baba ya soke agogo da layi biyu. Ɗamara ya zana, a ƙugu, inda ba abin da zai maƙale. Maɓallin babba ne a gefe, a danna shi da gwiwar hannu, tunda hannayen kafinta kullum a cike suke. Rubutu kuwa ya ce a bar wa ’yan ofis. Abin da suka saba da shi a jikin katako shi za a mayar cikin ɗamarar: karkarwa ɗaya, dube ni, biyu, yi a hankali, doguwa, kowa ya kashe inji. Dogo ya kawo shawarar fitila a saman wurin kowa, don a san wa ya danna. Maɓallin “Zo” kuwa Baba ya zana shi, ya zana kwandon shara a ƙarƙashinsa.

“Guda nawa zan yi?” ta tambaye shi.

“Mu nawa ne?”

Ita ma ta sa nata. Ta haɗa jiniyar bango da ɗamarun, ta kuma yi yadda in batirin ɗamarar mutum ya yi ƙasa injinsa ba zai tashi ba. Baba ya karanta wannan a fuskarta tun kafin ta gama bayani, ya ɗaga mata babban yatsa, ta ji daɗi kamar yarinya. Ta farko da suka gwada garin katako ya toshe maɓallin a wuni ɗaya, Baba ya yanko tsohuwar robar taya ya rufe shi. Ta biyu ta yi ƙarfi da yawa, Dogo ya yi tsalle ya ce cakulkuli ake yi masa, shi mai iyali. Ta Maigida kuwa sai da aka ƙara mata tsawo, ya ce ɗinkin ne bai yi ba, Mai-tabarau ya ce eh, ɗinkin ne ke cin abincin rana sau biyu. Guda biyar ta yi, huɗu nasu, ɗaya tata ta gwaji.

Ranar da Sufeto ya dawo, Injiniya ba ta iya karyawa ba. Ya shigo da littafinsa da bironsa uku, ya saurari bayaninta ba tare da fuskarsa ta ce komai ba. Aka tayar da injina. Ya danna jiniya, ɗamaru suka ɗauka, kafin ya sauke hannu shagon ya yi tsit. Ya sa Dogo ya danna, ya sa Mai-tabarau ya danna. Ya sa aka cire batir, inji ya ƙi tashi. Komai ya tafi daidai, har Maigida ya fara washe baki.

Sufeto ya buɗe littafi, amma bai rubuta ba.

“Aiki ya yi kyau, Injiniya, ba ƙarya. Sai dai na’ura na’ura ce. Ran da ta ba da kunya, waɗannan suna da kunnen da za su ji jiniya. Shi fa? Ba shi da na biyu.”

Injiniya ta buɗe baki za ta amsa, sai ta ji an taɓa mata kafaɗa. Baba ne, yana tambaya me aka ce. Ta gaya masa yadda aka faɗa, ba ta rage ba. Baba ya gyaɗa kai, ya matso gaban Sufeto, hannuwansa suka buɗe.

“Ki ce masa a cire ɗamarun duka, a tayar da komai, ya danna jiniyarsa mu ga masu kunnen. Ki ce masa ranar da ya zo, injina a kashe suke ya gwada ta. Ni da ban taɓa jin jiniya ba na san ba haka ake gwaji ba.”

Kai! Injiniya ta dubi biro ukun nan. Bakinta har ya riga ya shirya wata magana mai laushi, irin wadda ta saba: ranka ya daɗe, mahaifina yana roƙon ko za a ƙara gwadawa. Baba ya san wannan fuskar tata. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

“Duka.”

Ta faɗa duka, har da na ƙarshen. Maigida ya dafe kai. Dogo ya juya yana duba wani katako da ba abin da ya same shi. Sufeto ya dubi Baba, Baba ya dube shi, ba wanda ya ƙifta.

“A cire,” in ji Sufeto. “Ku yi aikinku yadda kuka saba. Ni na san lokacin da zan danna.”

Mutumin ba wawa ba ne. Ya fita ya duba bayan shago, ya dawo ya karanta takardar jikin tukunyar gobara, ya tsaya hira da Maigida a bakin ƙofa, har kusan minti ashirin, sai da kowa ya nutse cikin aikinsa. Sannan ya ratsa ta jikin bango kamar mai neman wurin jingina, ya ɗora yatsa.

Injiniya tana bakin ƙofa, ba abin toshe kunne, amma da ƙyar take tsinkayar kukan jiniyar a ƙarƙashin ƙarar zarto. Dogo yana ta jan katakonsa. Mai-tabarau ya sunkuyar da kai yana gogewa, har da ɗan rausaya. Sufeto ya ƙara dannawa. Ba wanda ya waiwaya. Ya dubi jiniyar, ya dubi mutanen, yatsansa na nan a kai.

Baba ne ya hango hannun a jikin bango. Ya buga katako, Dogo ya tsaya. Baba ya zura hannu a aljihu. Tas! A ƙeyar Mai-tabarau. Injina suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka bar jiniya ita kaɗai tana kwarara ihu a shagon da kowa ya riga ya tsaya.

“Yau kuma me na yi?” in ji Mai-tabarau yana shafa ƙeya.

Sufeto ya sauke hannu. Ya taka har ƙurya, ya sunkuya ya ɗauki guntun katakon, ya jujjuya shi.

“Tun yaushe ake haka?”

“Shekara ashirin da shida, ranka ya daɗe,” in ji Dogo. “Ƙeyar kowa a nan ta san shi.”

Sufeto ya sa guntun a aljihu, kusa da bironsa. Ya buɗe littafi ya yi ta rubutu, shafi ya cika ya juya. Da ya gama, ba Injiniya ya duba ba, Baba ya duba.

“Ki gaya masa yana nan a kan injinsa. Amma ba shi kaɗai zai sa ɗamarar ba. Duk wanda zai tsaya a bakin inji a shagon nan sai da ita, har da kai, Maigida. Kuma ki gaya masa na ji abin da ya ce game da gwajin.”

Ta faɗa wa Baba da hannu. Daga nan ta zauna daɓas a kan tarin katako. Sai a lokacin ta san kwana ashirin da ɗaya ta yi kafaɗunta a ɗaure. Alhamdu lillahi kawai take maimaitawa. Dogo ya rungume Maigida har ya ɗaga shi sama, Maigida na cewa shi dama ya san za a dace, shi ne ma ya fara kawo maganar. Ta ji yunwa ta taso mata gaba ɗaya, ta ɗauki ragowar burodin wani ta cinye ba ta tambayi mai shi ba.

Baba kuwa ya miƙa wa Sufeto hannu suka gaisa, ya ɗaura ɗamararsa, ya koma bakin inji, don akwai katakon da aka bari a rabi. Ta ga ya zura hannu a aljihu ya kwaso guntayen, ya dube su, ya zuba a kwandon shara. Sai kuma ya sunkuya ya tsamo biyu ya mayar aljihu. Baba ke nan.

Aka tayar da fanka, aka tayar da injina. Ta tattara littafinta da ’yan kayan aikinta a jaka, ta rataya, ta nufi ƙofa. Tana son ta riga kowa kai wa Mama labari. Ta manta sam cewa ta mayar da ɗamarar gwaji ƙugunta bayan an gama.

Saura taku kaɗan ta fita sai ta ji ta. Karkarwa ɗaya, gajeriya.

Ta juyo. Fitilar da ke saman babban inji ce a kunne. Baba yana tsaye, gwiwar hannunsa a ƙugu, Dogo na riƙe da katako yana jira. Baba ya ɗora yatsa a kumatunsa, daidai inda nata ke lotsawa in ta yi dariya. Sunan da ya sa mata ke nan tun tana cikin zani.

“Ki gaya wa Mamanki zan makara. Aiki ya taru.”

Ta gyaɗa kai. Ta juya, ta kai bakin ƙofa, hasken titi ya dake ta. Sai ta sake ji. Ta waiwayo da sauri.

“Me kuma, Baba?”

“Ba komai.” Yana ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi ɗauruwa. “Gwadawa nake.”

Shekararta talatin da ɗaya a duniya, yau ne mahaifinta ya fara kiran ta ta baya ta juyo. Hawaye suka cika mata ido, ta bar su, ba ta goge ba. Ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ba shi baya, ta ci gaba da tafiya a hankali, ko zai sake.